Hannun da Aka Bari a Hoto

Zuwa ga Maigida,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa, da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Yaya aiki, yaya ƙafar nan da ka ce ta daina ciwo? Ko da yake na san halinka, ko rabewa biyu ta yi cewa za ka yi da sauƙi. Inna tana nan lafiya, tana ta yi wa masu wutar lantarki faɗa ta taga kamar suna jin ta. Ta ce in gaishe ka, in kuma ce maka ka riƙa cin abinci.

Bayan haka, na san za ka yi mamakin ganin direbanku ya miƙa maka ambulan, alhali shekaranjiya muka yi waya. To ai ka san wayar tamu. Ina kwana, ya aiki, ya gida, sai layin dajin naku ya tsinke, kowannenmu ya yi ajiyar zuciya ya ɗora wa layi laifi. Abin da ke bakina yau ba zai shiga waya ba.

Ranar Laraba da na tashi daga kantin magani sai hadari ya haɗo. Ka san ni da ruwan sama tun shekarar ambaliya, ɗigon farko na taɓa ni sai ƙafa me na ci ban ba ki ba. Na faɗa ƙofar da ta fi kusa, ashe babban ɗakin karatun nan ne na gefen gidan waya. A zauren ƙasa an jera hotuna a bango, manya-manya, kowanne cikin gilashi. Wata dattijuwa da ke gadin ƙofar, tana zaune da saƙarta, ta ce baje kolin hotunan wani ɗan jarida ne, kowa na iya shiga, a dai goge ƙafa.

Na shiga don in jira ruwa ya ɗauke. Hotunan yaƙi ne da gobara da fari, na garuruwan da ban taɓa jin sunansu ba. Ina tafe ina cewa Allah sarki, irin wadda ake faɗa in abu bai shafe ka ba. Ina shan kwana sai ga bangon ambaliya. Layinmu na fara ganewa kafin in gane kaina. Ga shagon mai faci ruwa ya kai masa rabin ƙofa, ga turken wutar nan da ya karkace tun kafin mu tare a unguwar. A tsakiya wata mata ce, ruwa ya kai mata gwiwa, ƙullin kaya a ka, ɗankwali ya zame, baki a buɗe, idanu kamar za su faɗo. Wallahi sai da na ɗan tsaya ina tausayinta. Da na lura da zanen jikinta, mai ganye-ganyen nan da ka ce ya yi kama da labulen asibiti, sannan na san ni ce. A 'yar takardar da ke ƙarƙashi an rubuta: "Wata mata tana gudun ruwa."

Ba wannan ne ya sa na ɗauki biro ba. A ƙasan hoton, ta gefe, hannuna ya sauka yana riƙe da wani hannu. Ƙaramin hannu, iya wuyansa kawai, sanye da koren awarwaron roba wanda ka sayo a tashar mota. Daga nan sai katakon firam.

Shekarun nan ni da kai ba mu kiran sunan 'yarmu, ko da na wasan da ka laƙaba mata saboda siraran ƙafafunta. Yau zan rubuta shi, in ka ga dama ka tsallake layin. Hannun Balbela ne.

Ka san ruwa ya tafi da kundin hotunanmu, ya tafi da wayata ranar da kwale-kwalen da ya ɗauke mu ya kife a gindin gada. Taka wayar ta lokacin, ko inuwarta ba ta iya ɗauka. Da aka sami yarinyar bayan ruwa ya janye, mata suka ce kada in duba, ban kuwa duba ba, kai kuma ka iso an riga an kai ta. Ba abin da ya rage mana sai hoton jarirantakar nan na ɗakin Inna, wanda ko ɗan maƙwabta aka ce shi ne ba mai musu. To fuskarta ta fara ɓace mini. Ina jin muryarta, ina tuna warin kanta in ta wuni wasa a rana, ina ganin tafiyarta. Amma in na nemi fuskar, sai ta zo mini kamar abin da ake hange a ƙasan ruwan wanki. Tsoro nake ji, Maigida. Na rasa ta sau ɗaya, ba na son in sake rasa ta ina zaune da raina da lafiyata.

A nan zan dakata, direban ya ce da hantsi zai tashi. Ka gaida abokan aikinka. Allah ya tsare.

Taka har kullum,
Matarka

*

Zuwa ga Maigida,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, ƙafa kuma ta bar ka ka taka. Mu ma nan sai godiya. Inna ta yi mura ta warke, ta ce maganin kantinmu ba shi ya yi aikin ba, tafarnuwarta ce.

Da muka yi waya ka ce mini ka ga saƙo, daga nan ka koma labarin injin haƙa da ya lalace muku. Ban ji haushi ba. Na daɗe da sanin cewa in abu ya yi maka nauyi, inji ne yake lalacewa.

Na koma zauren. In faɗa maka gaskiya, kullum nake komawa. Lokacin cin abincin rana, abokiyar aikina ta zaci wani sabon wurin cin abinci na gano nake yi mata rowa. Ina zuwa in tsaya a gefen hoton, bayana jingine da bango, ina kallon masu kallona.

Mutane iri-iri ne, Maigida. Akwai masu wucewa da sauri kamar ruwan zai fantsamo musu. Akwai 'yan makarantar da suka juya wa hoton baya suka ɗauki kansu da waya, ni ina bayansu baki buɗe kamar ni ce ke musu tsawa. Wani dattijo ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji, ya daɗe a haka, da zai tafi ya manta bai mayar ba. Wani mai tabarau ya yi ta nuna wa abokinsa yadda haske ya sauka a kan ruwan, yana cewa abin ya yi kyau. Kyau fa. Na so in ce masa ya zo in ba shi labarin warin ruwan, sai na haɗiye. Wata kuma ta ce wa 'yar'uwarta da ganin idanun matar nan ba ta yi rai ba, alhali kafaɗarta tana gugar tawa.

Ba wanda ya gane ni. Da farko na ce ko don na yi ƙiba ne. Daga baya na fahimci ba wanda yake tsammanin mutumin cikin hoto yana da gidan da yake komawa, da tukunyar da yake ɗorawa.

Ranar Asabar wata matashiya mai ciki ta tsaya a gabansa, sai kawai ta fashe da kuka. Kuka sosai, har tana riƙe mara. Na duba hagu da dama, ba kowa nata. Ni ce na kama ta na zaunar a benci, na ba ta ruwa, ina shafa bayanta ina cewa ta yi haƙuri, ai ya wuce. Ka ji fa, ni ke ba wata haƙuri a kan kaina. Ta ce ba fuskar matar ce ta karya mata zuciya ba, hannun nan ne na ƙasa. Duk cikin masu zuwa ita kaɗai na ji ta ambaci hannun. Na so in rungume ta, na ji kunya.

Bayan ta tafi zauren ya yi shiru, sai na yi abin da za ka yi mini dariya a kansa, ko kuma ba za ka yi ba. Na durƙusa a gaban hoton, na kwantar da kuncina a bango, ina leƙen ƙarƙashin katakon. A zuciyata katakon ne ya rufe ta, in na sami daidai wurin zan hango ko da haɓarta ce. Har na sa farce ina ɗan ɓanɓarar gefen.

Dattijuwar ƙofa ce ta dafa ni. Na ɗauka korata za ta yi. Ta kalle ni, ta kalli bango, ta sake kallona, sai ta ce in tashi gwiwata za ta yi sanyi. Ashe ta kwana biyu da ganewa, ta yi shiru da bakinta. Ta jawo mini kujera kusa da tata, ta ce babu komai a bayan katakon sai farar takarda, a gabanta aka sa hotunan. Amma ta ce masu wannan sana'a ba sa nuna duk abin da suka ɗauka. Sukan datse gefe-gefe su bar abin da suke so ido ya faɗa a kai, kamar yadda tela ke yanke yadi. Wani lokaci ragowar tana nan wurinsu, wani lokaci babu. Ta ce mai hoton zai zo da kansa ranar da za a sauke kayan, ƙarshen watan nan, don zai wuce da su wani gari.

Ka yi mini addu'a, ko ba za ka ce komai ba.

Inna tana gaishe ka. Ka kula da kanka.

Matarka

*

Maigida,

Ina gaisuwa, da fatan ka tashi lafiya. Mu ma lafiya, sai abin da ba a rasa ba.

Takardar yau gajeriya ce. Tambayar da ka yi mini jiya kafin layi ya tsinke, ko kafin ka tsinke shi, ita ta hana ni sakat. Ina shirin ajiye wayar, sai na ji ka ce: "Giɓin haƙorinta, a dama yake ko a hagu?"

Ashe kai ma. Duk shekarun nan ina ganin kamar kai ka riƙe ta tsaf a ranka shi ya sa ba ka magana, ina jin kunyar ka san tawa ta zube. Ashe ɗaki ɗaya ke mana yoyo, kowa ya tara kwanonsa a ɓoye.

Na ce maka dama. Da na ajiye wayar sai na fara kokwanto. Na tambayi Inna, karo na farko da na yi mata maganar yarinyar tun rasuwar. Tana tsintar shinkafa, ba ta ko ɗago ba ta ce hagu, kamar ta shekara tana jiran a tambaye ta. Muka yi ta musu kamar yara. Abin da muka haɗu a kai shi ne na kusa da shi yana girgiɗi a makon ambaliyar, tana ta tura shi da harshe, ta hana kowa taɓawa, wai Baba za ta jira ya dawo ya cire mata. Daga nan Inna ta tashi ta shiga ɗaki, ta bar shinkafar a tire kaji suka yi biki.

Wani abu kuma yana damuna. Hannuna na dama ya koma dunƙulewa shi kaɗai. Ina tafe a titi sai in ga ya sauka ƙasa, yatsun sun lanƙwashe daidai girman nata, har ina rage sauri don kada in ja ta. Jiya a bakin titi na tsaya ina jiran mota ta wuce, na ji bakina ya ce riƙe ni da kyau. Mai sayar da lemo ya waiwayo yana neman da wa nake.

Jibi ne mai hoton zai zo. In ya ce babu ragowar, ban san yadda zan fito daga zauren nan ba.

Ka huta lafiya.

Matarka

*

Zuwa ga Baban Balbela,

Sallama irin ta da, da gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, kuma kana zaune, don wannan takarda ba ta karantawa a tsaye ba ce. Ni da Inna muna lafiya.

Na je. Na tarar an fara sauke hotuna ana jingine su a jikin bango, fuskokinsu a juye. Nawa yana nan a rataye. Dattijuwar ƙofa ta nuna mini mai hoton da baki. Ni da na zaci zan ga wani ƙato mai taƙama, sai ga ɗan siririn mutum mai furfura, rigarsa ta yi masa yawa, yana riƙe da kofin shayi.

Duk maganar da na kwana biyu ina shiryawa ta gudu. Na je na tsaya a gefen hoton inda na saba tsayawa, na gaishe shi, ya amsa yana duban wata takarda. Sai na ce: "Malam, ni ce wata mata."

Ya ɗago. Ya kalli bango, ya kalle ni. Kofin nan sai da dattijuwar ta karɓe shi. Ya ce shekara da shekaru yana yawo da fuskata gari-gari, bai taɓa tunanin za ta yi masa sallama ba. Ya shiga ba ni haƙuri a kan rashin tambayar sunana, wai ranar yana tsaye a kan rufin wata mota, ba halin sauka. Na ce ba suna ya kawo ni ba. Na ɗora yatsa a kan gilashin, daidai awarwaron, na tambaye shi ko akwai sauran.

Sai na ga fuskarsa ta washe, har da murmushi. Ya ce akwai mana, ai ba sai ya nema ba. Ya buɗe kwamfutarsa a kan benci yana ta zuba. Ya ce a duk abin da idonsa ya gani a aikin nan, gawarwaki da ƙonannun gidaje, hoton yarinyar nan yake buɗewa in abin ya taru ya yi masa yawa, ya ce wa kansa to ga dai wadda ta tsira. Ya tambaye ni aji nawa take yanzu, ya ce ai ta zama budurwa.

Dattijuwar ce ta girgiza masa kai. Baban Balbela, na ga mutane da yawa sun tsaya gaban hotunan mutumin nan sun yi kuka, amma ban ga wanda hoto ya rushe kamar shi ba. Ya zauna a ƙasa, a kan siminti, ya rufe fuska. Na zo da fushina a ƙulle, niyyata in tambaye shi wa ya ba shi izinin yanke mini 'ya. Sai ga shi na ƙwace masa abu ɗaya da yake dogara da shi. Duk da haka na tambaya, don sai na ji.

Ya ce: "Dariya take yi. Na ga in na bar ta, ba wanda zai ji tsoron ruwan."

Ya ce haka aikin yake, hoto ɗaya magana ɗaya. Jarida tana son duniya ta firgita ta kawo agaji, an kuwa kawo. Ban ce ya yi daidai ba, ban ce ya yi laifi ba. Na ce masa dai in zai rataye matar nan a wani gari, ya mayar mata da 'yarta, ta gaji da tsayuwa ita kaɗai. Ya ce zai yi. Sannan ya juyo mini da kwamfutar.

Ga ta nan. Ruwa ya kai mata ƙugu, rigar makarantarta ta manne mata, kitsonta ɗaya ya warware. Goshinka ne, ashe, ni da nake ta ba ta nawa. Hancin Inna. Kunnuwan nan da suka ɗan buɗe kamar hannun kofi, yaya aka yi na manta su? Na kalle ta har dattijuwar ta fara kashe fitilun zauren, ba wanda ya ce in tashi.

Ba mai hoton take kallo ba, ba kuma ruwan ba. Ni take kallo. Ta ɗaga kai sama tana dariya da dukan bakinta, kuma ni da Inna duk mun yi gaskiya: giɓi biyu ne, dama da hagu. Ɗaya hannun nata, wanda ban riƙe ba, ta ɗaga shi sama wajen fuskata, da wani ɗan farin abu tsakanin yatsunta. Mai hoton ya ce shi kullum yana ɗauka tsakuwa ce. Ya ƙara girman wurin, muka duba tare.

Haƙorin ne. A cikin ruwan nan ya fita, bai jira ka ba, tana ta miƙo mini in gani. Ni kuwa ka san inda idona yake, duniya duka ta gani a bango. Ina kallon ruwa.

Mutumin ya je da kansa ya wanko mini guda biyu, cikakku, ba a datse komai ba. Ɗaya yana ɗakin Inna. Tun da na miƙa mata take zaune da shi a cinya, yau ko masu wuta ba su sha faɗa ba. Ɗayan yana cikin ƙaramin ambulan da ke cikin wannan, na liƙe bakinsa don kada ya faɗo maka ba shiri. Ka sami wurin da ba kowa, ka wanke hannunka daga baƙin mai, sannan ka buɗe.

Ni na riga na ce wa Balbela na gani, na ce ya yi kyau, ta yi jarumta. Saura kai. An daɗe ana jiran ka da haƙorin nan.

Ka zo gida in an ba ka hutu. Allah ya kawo ka lafiya.

Taka,
Maman Balbela